Likitan da ya karanta ajalinsa a hannunsa

Mai karatu, a ce kai tela ne a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde. Ka wayi gari ƙafarka ɗaya ta kumbura, sharaɓa tana zogi. Me za ka ce? Na san amsar: daɗewa a kan keke ne, ko sanyi. A shafa man zafi, a koma ɗinki. To, ga labarin wani da ilminsa ya hana shi wannan kwanciyar hankali.

Armand Trousseau babban likita ne a asibitin Hôtel-Dieu na birnin Paris, haifaffen garin Tours a 1801. Ya daɗe yana lura da wasu majinyata da jini ke daskarewa a jijiyoyinsu ba gaira ba dalili, yau a ƙafa, gobe a hannu. In sun rasu aka binciki gawa, sai a tarar da ciwon daji ɓoye a ciki. A 1865 ya bayyana wa duniya wannan alaƙa. Ya koya wa ɗalibansa cewa mai ciwon cikin da aka kasa gane kansa, in jijiyarsa ta toshe, a zargi daji. Ina ya san wa darasin zai hau?

Da shigowar 1867, shi kansa yana fama da ciki, sai jijiyar hannunsa na hagu ta kumbura. Da kai ne, mai karatu, za ka ce kwanciya ka yi a kan hannun? Wa zai ƙaryata malamin malamai? Trousseau bai nemi mafaka ba. Ya shaida wa ɗalibinsa Michel Peter cewa tasa ta ƙare, domin ya gane cutar. A watan Yuni ya rasu, da dajin da ya ambata da bakinsa.

Yau an san sirrin. Ƙwayoyin daji suna sakin sinadaran da ke ingiza jini ya yi guda, shi kuma gudan yana yi musu rumfa su yaɗu. Mai daji ya fi mai lafiya haɗarin toshewar jijiya ninki huɗu zuwa bakwai. In jiki yana narkar da gudan, ɓurɓushinsa na yawo a jini, shi ake aunawa da gwajin D-dimer. Yawansa ga mai daji yakan nuna cutar ta yi nisa. Sai dai juna biyu, tiyata da tsufa ma suna ɗaga shi, don haka likita ne mai fassara shi.

Ba kowane kumburi ne daji ba, amma gudan da ya ɓalle daga ƙafa yana iya toshe huhu. Trousseau ya gane alamar a zamanin da babu maganin tsinka jini. Kai da maganin ya riska, asibiti za ka nufa, ko man zafin za ka ƙara?