Tsamin Teku Daga Ƙwai Yake Fara Ɓarna

Aikin ƙyanƙyasar tarwaɗa aiki ne na gaggawa. Da daddare ake yi wa macen allurar da za ta nunar da ƙwai, da safe a matsa cikinta a hankali ƙwan ya tsiyayo cikin busasshen kwano. Namijin kuwa sai an yanka shi an ciro maniyyinsa, a matse a kan ƙwan, a juya da gashin kaza. Da zarar ruwa ya taɓa haɗin, minti ɗaya ko biyu kacal ƙwayoyin maniyyin suke da shi su yi iyo su shiga ƙwai. In ruwan ya yi daidai, kwana ɗaya da 'yan sa'o'i za a ga 'ya'yan kifi suna wutsil-wutsil. In kuwa an ɗebo shi kai tsaye daga bohol, ana iya wayar gari ƙwan ya yi fari fat, an yi asarar namiji da ƙwai da kuɗin allura.

Masu kiwon kifi a Dutsin-Ma da kewayen madatsar Zobe, da ɗaliban sashen kiwon kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sun san abin da ya sa ake barin ruwan bohol ya kwana a tanki ya sha iska. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito da iskar kabon dayoksaid narke a cikinsa, ita kuma tsami take sa wa ruwa. Wannan iskar ce tekunan duniya suke haɗiya dare da rana, kuma cikin halittun da masana suka fi sa wa ido akwai bushiyar teku.

Wata dunƙulalliyar halitta ce mai ƙayoyi, tana rarrafe a kan duwatsun ƙasan teku tana kankare gansakuka da haƙora biyar. Ba ta saduwa, ba ta kwanci. Mace takan watsa miliyoyin ƙwai cikin ruwa, namiji ya watsa nasa, sauran aikin ya rage wa teku. Ƙwan nata garai-garai yake, ana ganin cikinsa a madubin likita, shi ya sa a jikinsa ne Bajamushe Oscar Hertwig ya nuna a 1876 yadda ƙwayar maniyyi take haɗewa da ƙwai. A jikinsa kuma Tim Hunt ya gano a 1982 sinadarin da ke sarrafa rabuwar ƙwayoyin halitta, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001.

Kafin zamanin masana'antu, kabon dayoksaid a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan. Yau ya haura 420. Teku na shanye kusan rubu'in abin da ɗan Adam yake fitarwa daga ƙona man fetur da gawayin kwal da iskar gas, har da wadda ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta. A ma'aunin tsami na pH, saman teku ya sauko daga kusan 8.2 zuwa 8.1. Mai karatu zai ce wannan ai ba komai ba ne, to amma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, don haka ɗan saukowar nan ƙarin tsami ne na fiye da kashi 25 cikin ɗari. Har yanzu dai teku bai zama ruwan tsamiya ba, yana nan a ɓangaren kanwa. Ƙarfin kanwar ne yake raguwa.

A 2008, Jon Havenhand na Jami'ar Gothenburg ta Suwidin da abokan aikinsa na Ostareliya suka sa maniyyin wata bushiyar teku a ruwa mai pH 7.7, matakin da ake hasashen teku zai iya kaiwa kusan shekarar 2100. Ƙwayoyin suka rage gudu, masu motsi a cikinsu suka ragu, ƙwan da ya ɗauka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara guda bayan haka Maria Byrne ta Jami'ar Sydney ta gwada jinsi guda ɗin, ta ce ita tsami bai hana ƙwan ɗauka ba, zafin ruwa ne ya lalata 'ya'yan tun suna ƙanana. Duka biyun masana ne na ƙwarai. Abin da ya fi bayyana saɓanin shi ne yawan maniyyin da aka zuba da kuma iyayen da aka zaɓa, domin inda maniyyi ya yi yawa, ragon ma yakan dace. A buɗaɗɗen teku kuwa, inda igiya ke tarwatsa komai cikin daƙiƙoƙi, ba kullum ake samun wannan wadatar ba.

Inda gardama ta yi sauƙi shi ne bayan ƙyanƙyasa. Jinjirin bushiyar teku bai kai ƙwayar gero ba, yana yawo a ruwa makonni da wasu siraran hannuwa da sandunan alli suke tallafe da su. Da hannuwan nan yake iyo, da su yake jawo abinci. Irin allin da yake ginawa mai haɗe da maganiziyam ne, wanda ya fi saurin narkewa. Haruko Kurihara da Yoshihisa Shirayama sun nuna a Japan tun 2004 cewa in kabon ya ƙaru, jinjirayen kan fito ƙanana da nakasassun hannuwa. Meike Stumpp da abokan aikinta suka leƙa har cikin tumbinsu a 2013, suka tarar ruwan tumbin mai ƙarfin kanwa ne, wajen pH 9.5. In tekun da ke kewaye ya yi tsami, narkar da abinci yakan yi wuya, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma ya ƙare a gyaran ciki. Jinjirin da ya daɗe bai girma ba ya daɗe ke nan a bakin masu cinsa.

A gaɓar tsibirin Ischia na Italiya, kabon yana ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku saboda dutse mai aman wuta. Jason Hall-Spencer ya ruwaito a 2008 cewa yayin da ake matsawa kusa da maɓuɓɓugar, bushiyar teku da dodon koɗi sai raguwa suke yi, ciyawar ruwa na mamaye wurin. Sai dai a gaɓar Kalifoniya, inda ruwa mai tsami ke tasowa daga zurfi tun fil azal, Melissa Pespeni ta samu a 2013 cewa cikin 'ya'yan bushiya mai launin shunayya akwai masu gadon juriya. Ko juriyar za ta iya tsere da saurin canjin, wannan shi ne abin da ake kallo yanzu.

Rashin wannan halitta ba ƙaramin giɓi ba ne. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na baƙar bushiya mai dogayen ƙayoyi a tekun Karebiyan. Cuta ce, ba tsami ba, amma ta nuna abin da ke biyo baya: gansakuka ta lulluɓe murjanin Jamaika, gidan da ƙananan kifaye ke fakewa. Kifin ƙanƙara da ake yankawa a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi ma daga teku yake zuwa, kuma cikin abincinsa akwai ƙananan halittu masu ɓawon alli.

Masu sana'a ne suka fara jin illar tsamin teku a aljihu. A 2007 da 2008, wurin ƙyanƙyasar kawa na Whiskey Creek a jihar Oregon ta Amurka ya yi ta asarar mafi yawan jinjirayensa, aka ɗora laifin a kan ƙwayoyin cuta kafin a gano ruwan da ake zuƙowa daga teku ne ya yi tsami. Suka kafa na'urar auna ruwa, suka koma zuƙo shi a lokutan da tsamin ya sauka, suna kuma zuba masa sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwar miya. Wani kamfanin iyali a jihar Washington da ke maƙwabtaka kuwa bai tsaya jira ba, ya je ya gina nasa wurin ƙyanƙyasar a Hawai, yana ɗauko 'ya'yan kawar a jirgin sama.