Nawa ne kuɗin nutso a gulbin Rima?

A 2011 masu bincike daga Ostareliya suka yi lissafi a tsibiran Palau, suka gano kifin shak guda ɗaya, idan an bar shi da rai masu yawon buɗe ido suna nutso suna kallonsa, yana jawo kusan dala miliyan 1.9 a tsawon rayuwarsa. Idan an kama shi an sayar, bai wuce dala 108 ba. Irin wannan lissafi ya bazu a duniya, domin gwamnati ba ta cika tsare abin da ba ta san farashinsa ba. Hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa kuɗin mota da masauki da abincin da baƙo ya kashe kafin ya isa bakin ruwa, a ce darajar wurin ke nan.

A ɗauko wannan ma'auni a kawo Sabon Birni da Isa, ƙasar da Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke zuba a Rima, amsa za ta fito sifili. Babu baƙo, babu otal, ruwan kuma jawur yake da damina, mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa. A ganina ma'aunin ne ya gaza, ba ruwan ba.

Nutson ƙasar Hausa da hannu ake yinsa, ba da ido ba. Masunci zai cika ƙirji da iska ya nutse, gorarsa na yawo a sama, ya lalubi gindin ciyawa da ramukan gaɓa har ya cafko tarwaɗa. Yaron da ke wasan iyo a bakin gulbi da rani wannan darasin yake ɗauka, ko da shi wasa yake gani. Argungu, can ƙasa a kan wannan ruwa, ta nuna cewa ana iya mayar da gwanintar kuɗi. Tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 bikin kamun kifin garin ke tara jama'a a Matan Fada, kuma ban da kamun kifi da homa akwai kabanci: nutso, iyo, tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Da aka yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin 2020, masu masauki da 'yan tireda da direbobi ne suka fara ji a jikinsu.

A Gobir kuwa, wato yankin Sabon Birni da Isa, abin baya yake yi. Yashi na cike gulabe saboda sare itatuwa da zaizayar ƙasa, gurabun da ke riƙe ruwa har bazara suna ƙanƙancewa. Madatsar Goronyo, wadda aka gina don ta riƙe kubik mita miliyan 942, ruwanta ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari a 2018. Akwai kuma tsargiya, wadda ke sa iyaye hana yara shiga tafki, kuma suna da gaskiya.

Amma babban dalili shi ne rashin tsaro. Ƙasar da aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disamban 2021, aka kuma kashe Sarkin Gobir na Gatawa a hannun 'yan bindiga a 2024, ba wanda zai je mata shaƙatawa. Ƙauyukan bakin gulbi da dama sun watse, gwanayen ruwa sun koma gudun hijira a gari ko sun tsallaka jihar Maraɗi, inda 'ya'yansu ke tashi nesa da gulbin iyayensu.

Asarar da ta fi tayar min da hankali ba ta baƙi ba ce. Hanyar mota ta zama abin tsoro, jama'a na ƙara cika kwalekwale, kuma duk ranar da jirgi ya kife, kamar yadda ya faru a Goronyo a Agustan 2025, masu nutso na ƙauye ake fara kira. Su ke ciro mai sauran numfashi, su ke ciro gawa. Lissafin kuɗin tafiya ba ya ganin wannan aiki.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su fara da ƙidayar masu nutson da suka rage a Isa da Sabon Birni da Goronyo, ta hannun sarakunan ruwa, a ba su rigunan ceto da alawus na damina.