Gawayin Ɓawon Gyaɗa Da Ruwan Rini

Duk wanda ya bi ta kasuwar Wunti a garin Bauchi zai ga gawayi tuli, amma ba kowa ya san cewa gawayi na iya raba ruwa da launin rini ba. Tun shekarar 1785 wani masani mai suna Lowitz ya gano haka a ƙasar Rasha.

A da, marina irin ta Ƙofar Mata a Kano da baba da toka suke aiki. To, tun da Perkin ya haɗa galura a Ingila cikin 1856, rinin kanti ya yaɗu, shi kuwa ba ya ruɓewa da wuri. In aka zubar da ruwansa a kwata, sai ya gangara rafi, ya tare hasken rana, kifi da tsirrai su wahala.

Sai dai gawayin girki ba ya wadatarwa. Ana ƙona ɓawon gyaɗa, ko totuwar masara, ko ɓawon kwakwa a inda iska ba ta shiga sosai, sa'an nan a ratsa shi da tururi mai tsananin zafi. Wannan ne ke buɗe masa ƙofofi ƙanana birjik, har faɗin cikin giram ɗaya ya wuce murabba'in mita 500. A jikin ƙofofin nan launi yake maƙalewa.

Amma fa ruwan da ya washe bai zama na sha ba, domin gawayi ba ya kama soda da gishirin da marina ke zubawa. In kuma ya ƙoshi da launi, tilas a sake gasa shi ko a canza wani.