Kuɗin Haya da Karatun Yaro Mai Galahanga: Abin da Na Koya Daga Ƙanwata a Ingila

A wannan darasi zan ɗan fita da ku ƙasar waje, sannan mu dawo gida. Sau da yawa in muna zaman zubi, wata takan ce, "Ai su mutanen Turai ba ruwansu da haya, gwamnati ce ke ba su gida." Ni ma haka na ɗauka, har ranar da ƙanwata da ke zaune a arewacin Ingila ta kira ni da tsakar dare tana kuka. Mijinta ya rasu, daga ita sai ɗanta guda mai lalurar galahanga, kuma ga takardar gargaɗi an aiko mata a kan bashin haya. Zan bayyana muku yadda tsarin nasu yake, da inda ta yi tuntuɓe, domin akwai abin ɗauka a ciki.

Mece ce galahanga?

Lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, ta shafi yadda ƙwaƙwalwarsa ke karɓar abubuwa. Wani yakan yi jinkirin magana, wani ba ya son haɗa ido, wani hayaniya ko canjin abin da ya saba ke rikita shi. Akwai mai buƙatar kulawa dare da rana, akwai mai iya karatu da sana'a in ya samu mai fahimtarsa. Ba shafar aljanu ba ce, ba a ɗaukarta, kuma ba laifin uwa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, yaro zai girma da ita. Ɗan ƙanwata, wato ɗana ke nan, yana da kaifin lissafi, amma shiga motar haya cike da mutane babban tashin hankali ne a wurinsa.

Gidan gwamnati ma haya ake biya

A Ingila, kusan iyali 1 cikin 6 na zaune a gidajen sauƙin haya. Wasu na ƙananan hukumomi ne, wasu na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Hayarsu ta fi ta 'yan kasuwa sauƙi, shi ya sa iyalai sama da miliyan 1 ke layin jira, wasu shekara da shekaru.

Amma fa kafin a ba ka makulli sai ka sa hannu a yarjejeniya, kuma sharaɗin farko shi ne biyan haya a kan lokaci. Yawanci mako-mako ake lissafa ta. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman tallafin wata-wata da suke kira Universal Credit, wanda aka fara a 2013, a cikinsa akwai kason haya. To ga inda gizo ke saƙar: galibi kuɗin a asusun mutum ake zuba su a dunƙule, na abinci da na haya duk a haɗe. Shi zai ware ya biya mai gida da hannunsa.

Akwai kuma wata doka ta 2013. In an ga kana da ɗakin kwana guda da ya wuce buƙatarka, ana rage kashi 14 cikin 100 na hayar da za a taimaka maka a kai. In biyu ne ko fiye, kashi 25. Kai za ka cike gibin.

Idan bashi ya taru, mai gida ba ya da ikon watso kayan mutum waje. Sai ya rubuto masa, ya nemi su daidaita a kan biya kaɗan-kaɗan. In abin ya faskara a ba da takardar gargaɗi, daga nan sai kotu, ita ce mai ikon cewa a tashi. Wanda ya rasa irin wannan gida saboda bashin haya, samun wani yakan yi masa wuya ƙwarai.

Shekara 16, mararrabar hanya

Can, yaro yakan kammala sakandare yana da shekara 16, amma doka ta ce ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya kai 18. Da yawa sukan tafi kwaleji. Kwaleji a bakinsu ba jami'a ba ce, makaranta ce ta share fagen jami'a da koyon sana'o'i irin su girki, kafinta da kwamfuta.

Yaron da buƙatarsa ke da yawa ana yi masa takarda ta musamman, a ƙarƙashin dokar yara da iyali ta 2014. Takardar tsarin ilimi, lafiya da kulawa ce, suna taƙaita sunanta da EHC. A ciki ake rubuta abin da ke yi wa yaro wuya, da taimakon da dole a ba shi, da sunan makarantarsa. Ƙaramar hukuma ce ke yin ta, kuma doka ta ba ta mako 20 daga ranar da aka nema. Ana sake duba ta duk shekara. Tana iya bin yaro har ya kai 25 muddin yana buƙatarta a karatu ko horo, amma ba ta bin sa jami'a. Wanda bai gamsu da hukuncin hukuma ba, akwai kotu ta musamman da zai kai kuka.

Abu biyu suka burge ni. Na farko, tun yaro yana ɗan shekara 13 zuwa 14 ake fara zancen girmansa: wane aiki zai yi, ina zai zauna, yaya zai kula da kansa. Na biyu, a shekarar da zai koma kwaleji, dole a gyara takardar a sa sunan sabon wurin zuwa ranar 31 ga Maris. A takardar ɗana an rubuta a ba shi mai taimaka masa a aji, da ɗaki shiru da zai shiga in hayaniya ta dame shi, da ƙarin lokaci a jarrabawa.

Yadda karatu da haya suka sarƙe

Kuɗin da ke shiga gida irin na ƙanwata a ɗaure suke da juna kamar tsintsiya.

Kuɗin renon yaro yana tsayawa ranar 31 ga Agusta bayan ya cika 16, sai in uwa ta sanar da hukuma cewa zai ci gaba da karatu. In ta sanar, yana iya kaiwa har ya cika 20.

Tallafin yara masu lalura shi ma a shekara 16 yake ƙarewa. Sai an cike sabon fom na tallafin manya mai suna PIP, a sake duba yaro. Alawus ɗin da ake ba mai kula da shi aƙalla awa 35 a mako kuwa, a jikin wancan tallafi yake rataye. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ya bi shi.

Sannan motar makaranta kyauta ba tabbas ba ce bayan shekara 16. Kowace ƙaramar hukuma da nata tsarin.

Ƙanwata ta cike fom ɗin PIP a kan lokaci. Amma wasiƙar kuɗin reno ta zo daidai lokacin da yaron ke fama da fargabar sabon wuri, ba barci ba cin abinci, sai ta ajiye ta a kan firji ta manta. Satumba na kamawa kuɗin suka tsaya. Ga kwalejin da nisa, shi kuma ba ya iya shiga bas, sai tasi. Sai ta fara taɓa kuɗin haya, tana cewa wata mai zuwa za ta mayar. Kan ta ankara, bashin mako shida ya hau kanta. Wasiƙa ta farko da ta biyu ko buɗe su ba ta yi ba.

Da ta kira ni ta ce, "Yaya, wallahi kunya nake ji. Me zan je in ce musu?"

Na ce, "Ƙanwata, gaskiya za ki faɗa. Bashin da aka ɓoye a ɗaki ƙiba yake yi."

Washegari ta je wurin jami'ar gidaje. Aka yanka mata abin da za ta riƙa ɗorawa a kan haya duk mako har bashin ya ƙare. Ta roƙi a riƙa tura kason haya kai tsaye ga mai gida, aka amince, don dama tsarin ya tanadi haka ga wanda bashi ya kama. Ta sanar da hukuma cewa yaro yana kwaleji, kuɗin reno suka dawo. A kwalejin kuma aka nuna mata asusun taimakon ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 19, wanda ya rage mata kuɗin mota. Duk waɗannan suna nan tun farko. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Mu dawo gida

Mu ba mu da waɗancan tallafi, amma tuntuɓen ƙanwata irin namu ne. Ga abu huɗu da nake so mu riƙe.

1. Kuɗin muhalli ba a aro a cikinsu. A wurinmu haya ta shekara ce, a dunƙule, ko ta ɗaki, ko ta shago, ko ta gona. Misali, in hayarki naira 52,000 ce, ki raba ta gida 52: naira 1,000 ke nan duk mako. Ki ware ta daban da kuɗin cefane.

2. Ki yi magana tun bashi yana ƙarami. Mai gida ya fi saurarar wadda ta zo da ƙafarta kafin wa'adi ya cika.

3. Kowace takarda a buɗe ta ranar da ta zo. Wadda ba ta karatu ta kawo wa magatakardar ƙungiya. A rubuta ranar cikar haya da ranar komawa makaranta a bangon littafin zubi.

4. Uwar yaro mai galahanga ta fara tunanin girmansa tun yana 13 ko 14, tun ran gini ran zane. Ki lura da abin da hannunsa ya fi so: kiwo ne, saƙa ce, ko gyaran keke? Ki nemi mai sana'a mai haƙuri, ki gaya masa abin da ke firgita yaron da abin da ke kwantar masa da hankali. A Nijeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin karatu kyauta har matakin sakandare. Kada ki ji nauyin tambaya a makaranta.

Yanzu ɗana yana shekararsa ta biyu a ajin kwamfuta, bashin haya kuma ya ƙare. Kwanan baya ya karɓi wayar da kansa ya ce, "Inna, yau ni kaɗai na shiga bas."

Tambayoyin tattaunawa

1. Su wa a cikinmu ke biyan haya, kuma a wane wata take cika?

2. Dokar ƙungiyarmu ta yarda asusun taimakon gaggawa ya agaza wa mamba a kan haya? Da wane sharaɗi?

3. Akwai yara masu irin wannan lalura a garinmu da ke zaune a gida? Wane mai sana'a za mu iya tuntuɓa a madadinsu kafin zama na gaba?