Abin da ya sa talabijin ke ƙin karanta filashi

Yawancin ma'aikatan tarayya da ke kwana a Suleja suna sammakon zuwa Abuja sun san wannan takaici: a dawo gida da filashi cike da bidiyon biki ko na taro, a soka shi a talabijin, allo ya yi gum.

Galibi ba lalacewa ba ce. Tsofaffin talabijin da dama tsarin FAT32 kaɗai suke ganewa, alhali manyan faifan ajiya kan zo da NTFS ko exFAT. Shi kuwa FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4.

Akwai kuma batun wuta. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, wanda kan gaza juya babban faifai. Wani lokacin talabijin na ganin fayil amma ya kasa buɗe shi, saboda an matse bidiyon da H.265.

Haɗarin yana cikin gaggawa. Sauya tsarin faifai ta hanyar fomatin yana share duk abin da ke ciki. Kafin a kai shi wurin mai gyara a Kasuwar IBB, wajibi ne a fara kwafe komai a kwamfuta, domin bikin da aka ɗauka ba ya maimaituwa.