Jinin da Ya Dawo Bayan Ɗaukewar Al'ada: Kira ga Iyayenmu Mata na Ƙasar Ruma

Daga Wagini zuwa Runka, idan dattijuwar da ta daina wanki shekara da shekaru ta sake ganin jini, tambayar da takan fara aikawa wajen malam ita ce: "In yi salla ko in dakata?" Tambaya ce mai kyau, kuma malaman Malikiyya sun bambance jinin haila da jinin ciwo tun da daɗewa. Sai dai akwai tambaya ta biyu da malam ba zai amsa ba: daga ina jinin yake fitowa?

A wajen likitoci, al'ada ta ɗauke idan mace ta cika wata 12 ba ta gani ba, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Duk jinin da ya biyo baya, ko ɗigo ɗaya ne a zane, ko ruwa-ruwa mai wari, ba al'ada ba ce ta dawo.

Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne. Fatar farji da ta cikin mahaifa kan bushe ta yi siriri saboda tsufa, ko wani ɗan tsiro ya fito, ko bangon mahaifar ya yi kauri. Amma kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan zubar jini, sankarar mahaifa ake tararwa, musamman masu ƙiba da masu ciwon suga. Ga kuma sankarar bakin mahaifa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya a 2020, ta kashe kusan 8,000. Idan an gano da wuri, aiki kan raba mace da cutar. Idan ta yi jijiya, sai wahala da kashe kuɗi.

Me ke jawo jinkiri a ƙasarmu? Kunya ce kan gaba. Wace uwa ce za ta iya buɗe baki ta gaya wa ɗanta wannan magana? Sai ta ɓoye, ta sha jiƙo, ta aika jika kemis. Ga tsoron hanya da ta'asar 'yan bindigar dajin Rugu ta jefa mutanen Batsari da Safana ciki, ga tsadar mota. Duk da haka, mai ɓoye ciwonsa, ciwo ba ya ɓoye shi.

Mataki na farko shi ne Babban Asibitin Batsari, ko na Dutsin-Ma ga mutanen Safana. Daga nan akan tura mace Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a duba bakin mahaifa, a ɗauki hoton ciki, a tsinko ɗan nama a auna. 'Yan mata kuwa masu shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi musu rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta.

'Ya'ya mata, surukai da ungozomomi, ku ne Inna za ta iya yi wa raɗa. Idan ta faɗa muku, kada ku ce a jira kaka. Ku kai ta asibiti cikin makon nan. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.