Gado da Haye: Matsayin Naci da Jagora Wajen Ci Gaban Ma'aikaci



Tambayar da zan tattauna a kanta ita ce: shin gwanintar aiki da ita ake haihuwar mutum, ko kuwa samunta ake yi? In samunta ake yi, ta hannun wa?

Bahaushe yana da amsa biyu, kuma ba su jitu ba. A wani bakin yakan ce hali zanen dutse ne, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, watau wanda ya girma ya wuce gyara. A sana'a ma ya kasa mutane gida biyu, ɗan gado da ɗan haye, ya fifita na farkon. A wani bakin kuma shi ne dai yake cewa matambayi ba ya ɓata, sannu ba ta hana zuwa.

To, amma mu leƙa maƙera mu ga mene ne gadon nan. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa. Sai ya daɗe a bakin zugazugi yana kallon launin ƙarfe cikin wuta kafin a miƙa masa masaba, ran da aka miƙa masa kuwa idon ubansa yana kan kowane bugu. Ya karkace a gyara masa nan take, gobe ya sake. Ashe abin da muke kira gado, mafi yawansa gyara ne na kullum har tsawon shekaru. Ɗan haye abin da ya rasa ke nan, ba jini ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun bi wannan magana ta hanyar gwaji. A shekarar 1998, Carol Dweck da Claudia Mueller na Jami'ar Kolambiya a Amurka sun ba yara 'yan aji biyar wasu tambayoyi. Da suka ci, aka ce wa wasu lalle kuna da basira, aka ce wa wasu lalle kun yi ƙoƙari. Daga nan aka kawo masu wuya. Waɗanda aka yaba wa basira suka riƙa zaɓen aiki mai sauƙi, suka karaya da wuri, har wasunsu suka ƙara wa makinsu gishiri da aka tambaye su. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka dage. A littafinta na 2006 Dweck ta bayyana aƙidu biyu: ta mai ganin basira ƙayyadadda ce, da ta mai ganin tana ƙaruwa da naci da kyakkyawar dabara. Na farko kuskure tonon asiri ne a wurinsa, don haka yakan ɓoye shi. Duk wanda ya taɓa ganin akawu ya danne fayil don kada a gane bai iya rubuta takardar ba, ya san irin wannan mutum.

Sai dai kada mu zuzuta abin ya wuce kima. A 2019 an buga sakamakon wani babban bincike da David Yeager ya jagoranta, kan ɗalibai fiye da 12,000 a makarantu 65 na Amurka. An ga ƙarin maki, amma kaɗan ne, ga masu rauni ya fi bayyana, kuma ya fi ƙarfi a makarantun da sauran ɗalibai suke son gwada aiki mai wuya. Ke nan sauya tunanin mutum shi kaɗai bai isa ba, in wurin da yake zaune yana yi wa mai tambaya dariya.

Nan ne jagora ya shigo, wanda Turawa suka aro sunansa daga filin wasa, watau koci. Mu ba baƙonmu ba ne. Ƙasar da ta san 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, ta san yadda gardi yake sauraron karatun kolo, da yadda ba a wanke allo sai an biya an tabbata ya zauna.

Aikin gwamnati ne ya ɗauki wata hanya dabam, hanyar kwas. An kafa kwalejin horar da manyan ma'aikata a Badagiri a 1973, Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, shirin ilmin firamare kyauta ya zo a 1976 tare da Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, wannan al'ada ta gada. Ba na raina kwas. Amma ma'aikaci yakan je mako biyu, ya karɓi alawus da takardar shaida, ya komo teburinsa ba mai tambayarsa me ya koyo. Tun farkon shekarun 1980 Bruce Joyce da Beverly Showers suka nuna cewa malami ba ya cika aiki da dabarar da ya ji a zauren taro, sai in wani ya bi shi aji ya ga yadda ya gwada ta. A 2018 Matthew Kraft da abokansa suka tattara bincike 60 kan wannan, suka tarar jagoranci yana kyautata koyarwa ƙwarai, amma amfanin yakan ragu idan shirin ya yi girma.

Saboda haka abin ƙarami ya fi dacewa da shi. Alal misali, sabon malami a wata firamare ta ƙasar Bunguɗu: tsohon hannu ya zauna a bayan ajinsa rabin sa'a, bayan an tashi ya tambaye shi me ya yi nufin yaran su gane, me kuma ya ga sun gane. Su ɗauki aibi guda, guda tak, kamar yawan tambayar 'yan layin gaba, su yi alkawarin mako mai zuwa. Haka sabon akawu a sakatariyar Tsafe zai rubuta takardar da hannunsa, na gaba da shi ya duba tare da shi, maimakon ya karɓe ya rubuta da kansa don sauri.

Akwai sharaɗi guda mai wuyar cikawa a ofisoshinmu. Wanda yake rubuta wa mutum rahoton shekara, wanda ƙarin girma ya rataya a kan alƙalaminsa, da wuya a kai masa kuskure da hannu biyu. Don haka nake ganin a raba ayyukan: sufeto ya riƙe rahotonsa, jagora kuwa ya zama wani na daban, kuma abin da ya gani a aji ko a tebur kada ya shiga fayil ɗin kowa.